Taubasan Amurka

Shekara ashirin da shida ke nan ina ba da labarin fim ɗaya a majalisar ƙofar gidan Alhaji Nababa. Sau ɗaya tak na kalle shi, lokacin ina kwalejin horon malamai a birni. Tsohon fim ne na Amurka, baƙi da fari, ba magana sai kiɗa. Na sha rantsewa cewa ranar sai da aka fitar da mutum biyu daga ɗakin saboda dariya. Gaskiya mutum ɗaya ne, shi ma fitsari ne ya fitar da shi, amma labari yakan yi ƙiba in ya daɗe a hannun mai shi.

A ƙauyenmu na gefen Tofa ba ni da gonar kirki, ban kuma je Makka ba. Fim ɗin nan shi kaɗai ne abin da na gani wanda 'yan majalisa ba su gani ba. Uwaisu, ɗan ƙanwar mahaifina, wato taubashina, shi ya laƙaba mini Malam Majigi, kuma kullum cewa yake ƙarya nake yi.

Bana sai 'yata Sa'adiyya, da take jami'a wajen Rijiyar Zaki, ta samo mini shi a kwamfutarta. Mai hankali zai kalla a ɗakinsa ya yi shiru. Ni shela na yi.

Bayan la'asar muka taru a zauren Alhaji, mu goma sha ɗaya, aka toshe taga da buhu. Na kunna.

Mutum biyu ne aka ɗauka su shafa wa gida farar ƙasa, dogo da gajere. Dogon ya hau tsani, gajeren ya zo ya ɗauke tsanin, dogon ya yi ta reto har ya rikito cikin durom. Na fashe da dariya. Ni kaɗai.

"Subhanallahi," in ji Alhaji Nababa. "Sannu, bawan Allah."

Malam Yahya mai ɗori ya matso da fuskarsa. "Wannan ƙugu ne. Mayar baya in ga yadda ya sauka."

Dogon ya fito fari fat, gajeren ya juyo da katako a kafaɗa ya maka masa a ƙeya.

"Kuma bai ce masa sannu ba?" in ji Alhaji.

"Ai ba a magana a fim ɗin, Alhaji."

"Ko da hannu ai a yi."

Uwaisu ya miƙe ƙafa. "Malam Majigi, a daidai ina ake fitar da mutum biyun? Don in nemi takalmina."

Dogon ya faɗi sau huɗu, sau huɗu ana yi masa jaje. Wani ma ya tambaya ko yana da iyali.

Can Alhaji ya ce, "Tsayar. Wai shi gajeren nan mene ne nasa, da yake yi masa wannan wulaƙanci ba wanda ya tsawatar?"

Ban sani ba. Ban taɓa tambayar kaina ba. Sai na ji bakina ya ce, "Taubasai ne. Gajeren ɗan mace, dogon ɗan namiji."



"To ai sai ka faɗa tun farko," in ji Alhaji. "Ka bar mu muna ta ɗaukar alhakin mutum. Mayar da shi farko."

Gajeren yana taɓa tsanin nan dariya ta ɓarke. Alhaji ya cire hula yana share hawaye da ita. Malam Yahya ya sarƙe, aka fita da shi ya sha ruwa, wanda ya raka shi kuma ya kasa dawowa. Mutum biyu cif. Na kalli Uwaisu. Bai yi dariya ba, kallon fim ɗin yake kamar mai ɗaukar karatu.

Ranar Asabar da hantsi na hau soron ɗakina in gyara indararo kafin ruwa ya sauka. Da na juyo, babu tsani. Uwaisu ɗan mace ne, kuma gajere, ni kuwa ɗan namiji.

Na ƙwala wa matata Luba kira.

"Ni ba na shiga tsakanin taubasai," ta ce, ta ci gaba da tankaɗe.

Kafin azahar majalisa ta kwaso tabarminta ta dawo inuwar katangata. Malam Yahya ya ɗaga kai ya ce, "In za ka diro, Malam, ka saki gwiwa."

Kalma ɗaya ta isa a kawo mini tsani: in ce musu mutanen fim ɗin nan ba su haɗa ko kaka ba, ni na ƙaga. Na dubi ƙasa, na dubi Uwaisu yana zaune a kan tsanina yana ɓare gyaɗa. Na gyara zama, na ce a miƙo mini hulata, rana ta yi zafi.