Gidan da Kwamfuta Ta Tsallake

Shekarar da rikicin Bamenda ya koro mutane zuwa unguwar Briqueterie, sau biyu ƙungiyar unguwa tana rabon shinkafa, sau biyu tana ƙarewa kafin a zo kan Jaratu, ɗaya daga cikin 'yan gudun hijirar. Baiwar Allah, kullum ita ce ƙarshen layi. Sai ta naɗe buhunta ta koma ɗakin da aka ara mata a unguwar Nkomkana.

Abin ya tsaya wa Fa'iza, wata 'yar ƙungiyar, a rai, don ita ke tambayar kwamfuta yawan gidaje da bakunan da za a ciyar kafin a sayo shinkafar. Ta roƙi Alim, mai kula da rumbun sunayen, ya bar ta ta buɗe sabon tebur na sunaye a kwamfutar ta gwada lissafin. Ina! Kai ka ce gadon ubansa ne.

"Madam, dubawa kawai aka ba ki izini," in ji Alim.

To, dabara ta rage ga mai shiga rijiya. Da hantsi, kekunan teloli na ta ƙara a waje, ta rubuta gidaje uku a cikin tambayar ita kanta, ba tare da tebur ba: gidansu mutum bakwai, gidan maƙwabcinsu Njidda mutum huɗu, na ukun kuma ta bar gurbin adadinsa babu komai. Ta ce a ƙirga gidaje, a tara bakuna.

Amsa ta fito: gida biyu, baki goma sha ɗaya.

Lallai ma! Ashe duk gidan da ba a rubuta yawan mutanensa ba, tsallake shi kwamfutar take yi, ko sallama babu. Fa'iza ta duba ainihin sunayen. Gurbi ɗaya ne wayam, na Jaratu.

Bayan la'asar ta sami Jaratu tana tankaɗen garin masara a ƙofar ɗaki.

"Inna, ranar rajista ba ki faɗi ku nawa ne ba. Shi ya sa rabonku ba ya fitowa."

Jaratu ta ajiye rariya. "'Yata, mu biyar ke kwana a nan. Babban," ɗan farinta take nufi, wanda ba ta kama sunansa, "ya fita sayo burodi ranar da aka yi harbi a Bamenda, har yau shiru. In na ce shida, ina tsoron na ci haƙƙin wani. In na ce biyar, da bakina na binne shi."

Tausayi ya kama Fa'iza har sai da ta sunkuyar da kai. Ta jima tana jujjuya biro a hannu.

"To Inna, bar ƙidayar mutane. Kwano nawa kike zuba tuwo?"

"Shida," in ji Jaratu, ba ta ko tsaya tunani ba. "Nasa nakan rufe shi. In gari ya waye ƙannensa su ɗumama."

Fa'iza ta rubuta shida a takarda, don Alim ya cike gurbin.