Ƙirjin Jannatu

Shekara ashirin da shida Hajiya Saude tana duba marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Kibiya, kuma kunnenta ne abin alfaharinta. Da ta ɗora abin sauraron ƙirji ta lumshe ido, za ta gaya maka halin da zuciyarka take ciki. Ba ta gajiya da faɗin haka, ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba.

Ranar Laraba Hadiza, matar wani makiyayi daga wajen Fassi, ta kawo 'yarta Jannatu karo na uku. Shekararta tara, amma ba ta iya kai ƙwaryar nono bakin hanya sai ta tsaya tana haki. Sau biyu Saude tana cewa ƙarancin jini ne.

Ta sake saurara. Bugu biyu, ɗan shiru, bugu biyu: haka lafiyayyar zuciya take. Wadda ƙofarta ta lalace kuwa, akan ji huci a tsakanin bugun, jini yana komawa inda ya fito. Saude ba ta ji huci ba. Har ta jawo takardar magani, sai yarinyar ta yi tangaɗi, Saude ta tare ta da tafin hannu a ƙirji.

Ƙirjin yana karkarwa a ƙarƙashin hannunta, kamar ka dafa kyanwa tana gurnani. Ta san karatun nan sarai: hucin da ƙarfinsa ya kai har hannu ya gane shi, ko ɗalibin da ya fara jiya ba zai wuce kunnensa ba. Ta tuna yadda take yi wa jikokinta faɗa wai ba sa buɗe baki in suna magana, da yadda take ƙure muryar rediyo. Kunya ta kama ta, tsoro ya biyo baya.

Tana iya tura su Kano ta ja bakinta, ba mai sani.

"Hadiza, zuciyarta ce. Gobe ku kama hanyar Kano a yi mata hoton zuciya."

"Amma Hajiya, ke kika ce jini ne. Wata huɗu muna ba ta maganin."

"Ni na ce. Ciwon yana nan tun ran farko, kunnena ne bai ji ba."

Hadiza ta ce a hankali, "Yayanta ma ke kika saurari ƙirjinsa bara, kika ce lafiyarsa ƙalau."

Saude ta tuna yaron. Har gaisuwar rasuwarsa ta je.