Makin 'Yar Fari

Duk Gwammaja an san Malam Ɗayyabu. Malamin tarihi ne a jami'a, kuma Bafulatani ne irin waɗanda shanu suka ƙare musu amma kunya ba ta ƙare ba. 'Yarsa ta fari, Zubaida, ko sunanta bai taɓa kamawa ba. Daga "ke" sai "yarinyar nan". In aka yabe ta a gabansa, sai ya kau da kai ya shiga zancen tsadar masara.

To, sai ga ta a ajinsa a shekarar ƙarshe, don kwas ɗin dole ne, kuma shi kaɗai ke koyar da shi. Yarinyar kuwa akwai kai. Tana dab da fita da daraja ta ɗaya, wanda ya samu wannan kuwa sashen ke riƙe shi ya zama malami. Burinta ke nan tun tana sakandare.

Ranar da yake duba takardun jarrabawa a zaure, ya ci karo da rubutun da ya sani kamar yunwar cikinsa. Nan take ya ji idon duniya a kansa. Me abokan aiki za su ce? Ɗayyabu ya fifita 'yarsa? Allah ya kiyaye! Ko karantawa bai yi da kyau ba, ya bi layukan a guje kamar mai tsallake kwata, ya dangwara mata hamsin da biyar, har yana jin kansa wani waliyyi. Daraja ta ɗaya ta kuɓuce mata da ƙiris.  Zubaida ta gama hidimar ƙasa, ta kama koyarwa a wata 'yar firamare a Koki.

Ana nan ana nan, ƙorafin ɗalibai ya yi yawa, wai kowane malami da nasa mudun. Shugabar sashe, Malama Sa'ida, ta tara malamai, ta sa aka kwaso tsofaffin takardu daga sito. Sai ta zaro ɗaya ta karanta da ƙarfi, kowa ya faɗi makin da zai bayar, a ga ko baki zai zo ɗaya.

Da ta karanta wata amsa a kan cinikin goro tsakanin Kano da Gwanja, Malam Ɗayyabu har da buga tebur.

"Wannan ai tamanin ne, ba ciniki!"

"Hamsin da biyar aka ba shi," in ji Malama Sa'ida.

"Kai! Wanda ya yi wannan bai ji tsoron Allah ba. Irinsu ke kashe mana yara."

Ita ma ba ta san ko waye ba, sai ta juya bango don ta ga sa hannu.  Ta tura masa takardar a hankali, ta ce a ci gaba. Rubutun Zubaida ne, jan biro kuma nasa. Wallahi da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ba wanda ya dube shi, wannan karar kuwa ta fi zagi ciwo.

Ya dawo gida bayan la'asar da niyyar ya faɗa wa Zubaida gaskiya, ko me za a yi a yi. Daga soro ya jiyo muryar maƙwabciyarsu Uwani, wadda ɗanta ya faɗi jarrabawa, tana tsine wa malaman jami'a.

"Haba Inna Uwani, ki daina ɗaukar alhakinsu," Zubaida ke cewa. "Ni fa mahaifina ne ya duba takardata. Da ina ganin ni wata ce, ranar na san iyakata. Shi ya sa ko digiri na biyu ban nema ba, kar in je in ba shi kunya."

Ya yi sallama da muryar da shi kansa bai gane ba. Zubaida ta durƙusa.

"Baba, sannu da zuwa. Don Allah faɗa mata, abin da na cancanta ka ba ni, ko ba haka ba?"

Uwani ta zuba masa ido. Maganar da ya ɗauko tun daga jami'a ta zo masa har maƙogwaro, ta tsaya. A gaban maƙwabciya? Ya dubi takalminsa.

"Haka ne," ya ce, ya shige ɗaki.

Yana zaune a bakin gado, hularsa a hannu, ya ji Zubaida tana dariya.

"Kin ji ko, Inna? Baba ba ya ƙarya."