Sabis na Awa Ɗaya a La Loma

Yurani ta kankare kashin ungulu daga murfin akwatin injin, ta tofar da yawu gefe. Ungulayen Puerto Anís sun mai da ƙarfen sabis ɗin nan gidan ubansu, in ka tashe su kuma su amayo maka mushen da suka ci a bakin kogi. Shekara huɗu tana wanke wannan ƙazanta ba ta taɓa ƙorafi ba. Abin da ke tayar mata da zuciya yau daban ne, ga shi nan a abin kunnen wayarta yana magana.

"Kina ji na, injiniya?" Don Efraín ne, manajan kamfanin waya na yankin. Ba ya ce mata injiniya sai in aikin banza zai sa ta. "Mun ɗauko sufeto daga tasha, ya sha kofi, ya ci wainar arepa biyu. Yanzu za mu hau La Loma. Wayata tana aljihun riga, kada ki kashe."

"Don Efraín, ni fa har yanzu..."

"Har yanzu kina da aiki. Ki gode Allah, ki kunna."

Ta jona kwamfutarta da akwatin, ta zauna a kan bulo.

Eriyar da ke saman ƙarfen sabuwa ce. Cikin farin akwati guda akwai ƙananan eriyoyi sittin da huɗu, in aka saita lokacin da kowace za ta saki saƙonta, sai ƙarfinsu ya haɗu ya miƙe waje ɗaya kamar hasken tocila. Inda ka haska, nan sabis yake. Ranar da aka ɗora ta Yurani har rawa ta yi, don ta auna ta ga za a iya raba hasken, unguwarsu La Loma ta samu nata. Ta rubuta, ta kai ofis. A kan takardar Don Efraín ya ɗora kofinsa. Aka haska tocila tsallaken kogi, wajen sabon otal da gidajen hutun mutanen Bogotá, masu son kallon bidiyo ƙafa cikin ruwa. Gida ɗari uku a kan tudu da ƙaramin asibiti guda, ko oho.

A watan jiya wata mai haihuwa ta yi ta zubar da jini a asibitin. Nas ɗin wurin, Gwaggo Herminia, yayar mahaifin Yurani, ta danna waya har yatsanta ya gaji. Sai da ta gangaro tudu a guje, tsohuwa mai shekara sittin da ciwon gwiwa, kafin ta samu sabis ta kira motar asibiti. Matar ta tsira da ƙyar. Daga nan 'yan unguwa suka kai ƙara hukumar sadarwa, shi ne aka turo sufeto ya auna. In ya ga sabis, nas kuma ta sa hannu, an rufe magana ke nan.

Dabarar Don Efraín ba ta da wuya, abin takaicin ke nan. Yurani za ta juyo da hasken daga otal, ta riƙa bin motarsu da shi kwana-kwana har ƙofar asibiti. Awa ɗaya. Suna sauka ta mayar.

"Mun wuce makabarta," ya faɗa ƙasa-ƙasa, kamar mai gyaran murya.

Ta matsar da hasken.

Ta cikin aljihun ta ji ƙarar birki, ta ji an rufe ƙofar mota, sannan wata siririyar murya, ta sufeton: "Sabis cike yake. Wannan ai ya fi na ofishinmu."

Sai ihu ya tashi. "Sabis! Jama'a, sabis ya zo!" Wata mata ta kama kiran sunan ɗanta da ke aiki a Chile, tana kuka tana tambayarsa ko yana cin abinci. Tsoho Evaristo mai gyaran takalmi, wanda bakinsa ba ya mutuwa, ya ɗaga murya: "Sufeto, ka zauna da mu mana! Inda ka taka nan waya ke shiga. Mu ba ka ɗaki, mu yi maka aure, ga bazawara nan har uku!"

Aka fashe da dariya. Ta Don Efraín ta fi ta kowa, har aljihun yana girgiza. Yurani kuwa ta san yadda ake yi da lokaci da igiyar iska har su taru wuri guda, ta yi shekara biyar tana karatunsa da kuɗin wankau na uwarta, ga inda ilimin ya ƙare: wasan yara da tsofaffi.

Can ta ji takun silifas ɗin da ta sani tun tana goye.

"Don Efraín, zo nan in gan ka." Gwaggo Herminia ce. "Na zage ka, ba sau ɗaya ba, har a coci. Ka yafe mini. Yurani ce ta gyara, ko?"

"Ita ce, doña," ya ce da ita cikin girmamawa. "Da hannunta."

"Na gaya musu! Na ce yarinyar nan ba za ta bar mu haka ba. Kyandir zan kunna mata gaban Budurwa Maryamu. Sufeto, ina takardar? Kai, Evaristo, ara mini biro."

"Saura awo ɗaya, doña," in ji sufeton. "Minti biyar a cikin ɗakin haihuwa, sai ki sa hannu."

Yadin rigar ya yi ƙara, muryar Don Efraín ta matso kusa, da warin bakinsa kamar zai biyo waya. "Riƙe shi nan daram. Da mun tashi ki mayar, mutanen otal sun dame ni da kira."

Yurani ta dubi allon. A gefe guda ga saitin yau na ƙarya, a ɗaya gefen ga wanda take lodawa kowace ranar Allah, da amincewar ofis da hatiminsa. Ta san abin da ke jiran ta. Kamfani ɗaya ne a duk bakin kogin nan, kuma Don Efraín ba ya mantuwa.

"Don Efraín," ta ce, "tunda sun matsu haka, bari in mayar musu da kayansu yanzu."

"Me? Ke! Kada ki kuskura! Na rantse da uwata, yau ɗin nan sai na ko..."

Ta danna. Maganar ta yanke ɗif.

Ta cire abin kunnen, ta goge shi da gefen riga. A allo hasken ya koma tsallaken kogi, inda yake jiya da shekaranjiya, babu abin da ta ɓata, babu abin da ta ƙara. Korar ta kam zai yi, wannan ba ta ko tantama. Amma kafin ya iya faɗa mata, sai ya gangaro tudun nan tukuna yana ɗaga waya sama yana neman inda za ta shiga, ga sufeto a gefensa yana kallo.