Tabon da Mai Hoto Ya Rufe

Sau uku Sista tana neman jijiya a hannun Darakta, jijiyar tana zille mata. Hannun ya bushe kamar icen girki. Shi kuwa ko a jikinsa, ƙorafinsa ɗaya ne: a ja labule kaɗan, wai haske yana dukan fuskarta ta inda bai dace ba.

"Kana fama da kanka, ina ruwanka da fuskata?" in ji ta.

Auta, 'yarsa da ta baro aikinta ta zo jinya, ta yi dariya ta ja labulen. A karo na huɗu allura ta shiga.

Shekara talatin da ɗoriya katanga ɗaya ce tsakanin gidan Sista da na Darakta. Da ya tare a layin, Mai Hoto ake ce masa. Mawaƙa, 'yan ƙwallo da masu karanta labarai a talabijin kan cika ƙofar shagonsa da motoci, don mutumin yana da hannu: ka shiga da ƙuraje da hancinka a karkace, ka fito kamar yau aka ƙera ka. Daga baya ya rufe shagon ya koma shirya fim, aka koma ce masa Darakta. Ya yi bakwai, biyu suka yi tashe, sauran biyar ko shi ba ya son a tada zancensu. Yanzu ga shi kwance, bango cike da hotunan mutanen nan, rabinsu sun riga mu gidan gaskiya, amma fuskokinsu sumul, suna ta murmushi. Sista, nas ɗin da ta yi ritaya bayan ta ga gawa ba adadi a asibiti, ba ta son juya musu baya.

Ba allura kaɗai ke kawo ta ba. Akwai tambayar da ta kwashe wata biyu tana haɗiyewa.

Mijinta bakanike ne, ya rasu shekara tara da suka wuce. Hotonsa na kirki guda ɗaya ne a duniya, kuma Darakta ne ya ɗauka. Tun yana saurayi fankar injin mota ta tsaga masa kunci, ta bar masa dogon tabo. A hoton babu tabon. Ranar da aka kawo shi sun sha dariya, marigayin yana cewa an mayar da shi ango. To yanzu dariya ta ƙare. In Sista ta rufe ido tana neman mijinta, baƙon nan na bango mai santsin kunci ke zuwa. Ta ma kasa tuna ko tabon a dama yake ko a hagu. Babban ɗanta ya ce dama, ƙanwar marigayin ta rantse hagu ne. Abin ya ba ta kunya, ya kuma ba ta tsoro: fuskar da ta kalla shekara ashirin da shida tana zubewa daga kanta.

Da Auta ta fita ɗauko ruwa, sai Sista ta daure ta tambaye shi ko ya tuna ɓangaren da tabon yake.

Ya ce wallahi ba zai yi mata ƙarya ba, bai tuna ba. Fuskokin da ya gyara su yake gani, waɗanda suka shigo shagon da ƙafarsu sun ɓace masa. Ya ce abin da ya kore shi zuwa fim ke nan, ya zaci fuska mai motsi ba ta gyaruwa, ashe can ma hoda ce da fitila.

Ta fara tattara kayan allurarta, idonta yana yaji. Sai ya kama gefen mayafinta.

"Malama Sista, ban taɓa goge komai ba. Rufewa nake yi. Da fensir, a jikin baƙin fim ɗin da ake wanko hoton. Na maigidanki yana cikin akwatunan can. In an samo, gefen mai sheƙi ya kalle ki. In kika juya shi, zai yi miki ƙarya."

Akwatunan ƙarfe goma sha ɗaya ne a ɗakin da yake haɗa fim, ba tsari, ba shekara. Kullum in ta gama yi masa allura, ita da Auta sukan zauna a ƙasa suna ɗaga fim ɗaya bayan ɗaya, ƙura tana sa su atishawa. Shi kuma daga gado yana ba da umarni da 'yar muryar da ta rage masa, a riƙe ta gefe, kada a sa yatsa a tsakiya. Suna akwati na huɗu, ranar wata Laraba da hantsi, Auta ta lura an daɗe ba a yi musu faɗa ba. Sista ce ta tashi ta duba, ita ce ta rufe masa ido.

Ta yi masa kuka na gaskiya. Amma ta san wani ɓangaren kukan na akwatuna bakwai ɗin da suka rage ne, kuma ba ta ga ta inda za ta tunkari marainiya da zancensu ba.

Bayan sati uku, da rana, aka ƙwanƙwasa mata ƙofa. Auta ce, gira da gashin ido duk ƙura, riƙe da ƙaramin ambulan.

"Mama, na ƙarasa su. A na ƙarshe yake."

A bayan ambulan ɗin, da rubutun Darakta, an sa kalma ɗaya: Maƙwabci.

Sista ta tsaya a tagar kicin ta ɗaga fim ɗin, gefen mai sheƙi yana kallonta. Fuska fara fat, haƙora baƙaƙe, kamar wanda ya leƙo daga wata duniya. Ta karkata shi kaɗan. Sai ga sawun fensir, siraran layuka ɗaruruwa a jere, sun bi kuncinsa na hagu daga ƙasan ido har muƙamuƙi, har da 'yar lanƙwasar nan kusa da baki, wadda kan motsa in zai yi dariya. Ita ma ta manta da ita.

Ba ta san sanda ta shafa wurin ta bayan fim ɗin ba. Da ta duba yatsarta, ga ɗan baƙin fensir a kai. Ta yi maza ta mayar da riƙon gefe-gefe, ta ci gaba da tsayuwa a bakin tagar, yatsar nan ɗaya a ɗage.