Rokar Bibiana a Gonar Dawa

Shekara biyu cur Bibiana tana ɗinka wa ɗaliban Samaru laima. Ba ta ruwan sama ba, 'yar ƙaramar laimar nan da ke buɗewa a sama ta sauko da rokar wasa a hankali. Sukan zo shagonta a Sabon Gari, su ajiye yadi, su faɗi awo, su kama gabansu. Ko sau ɗaya ba wanda ya ce mata ta zo ta ga tashin abin. Ita kuwa kunnenta a buɗe yake. Duk gardamar da suke yi a bakin shagon kan nauyi da fukafukai, tana taka keken ɗinki tana kwashewa.

To, wata Asabar sai ga ta a filin da suke taruwa bayan Samaru, da tata rokar a hammata. Bututun kwalin da ake naɗe yadi ta yanka, ta manna masa fukafukai uku, ta shafe shi da koren fenti. Injin kaɗai ta karɓa a wurin ƙungiyarsu. Mace mai shekara hamsin da biyu! Yaran suka yi ta ƙunshe dariya, amma da abin ya yi fuu ya tsaga sama, kowa ya saki baki. Laima ta buɗe tsaf. Sai dai iska ta yi rashin mutunci, ta kwashe ta ta yi ƙauyen Bomo da ita.

Sun sha tafiya kafin su sami rokar. Wani dattijo, Malam Zailani, ya tsince ta a cikin dawarsa, ya kwantar da ita a gindin ɗorawa, maƙwabtan gona sun yi cirko-cirko daga nesa. Ya riga ya yi cigiya. Ya ce in mai ita bai bayyana ba zuwa la'asar, hukuma zai kai wa, don shi bai san abin da aka ɗura a ciki ba.

Ameer, shugaban ɗaliban, ya raɗa mata, “Mama, ki yi shiru kawai. Zan nuna masa katina in ce aikin jami'a ne. Minti biyu an gama.”

Kai, ran Bibiana ya ɓaci! Ta dube shi sama da ƙasa.

“Jami'a ce ta yi wata uku tana goge kwali? Jami'a ce gam ya ƙona wa yatsa? Matsa min.”

Ta yi gaba, ta gaida dattijon yadda ya kamata, ta tambayi amfanin gona, sannan ta ce, “Baba, tawa ce. Ni na ƙera ta.”

Malam Zailani ya dubi zanenta, ya dubi tef ɗin awo da ta manta a wuya, ya juya wajen samarin. “Madam, ban ƙaryata ki ba. Amma dai ko ta ɗaya daga cikin yaran nan ce?”

“Tawa na ce.”

“To, tsintuwa tana da ƙa'ida. Mai kaya shi ke faɗin kamanninsa.”

Ta fara zubawa. Ɗinkin laimar biyu-biyu ne. Igiyoyi shida, ɗaya da jan zare don baƙin ya ƙare mata. Fiffike ɗaya ya ɗan karkace, ta cike gindinsa da garin katako. Dattijon na dubawa da tsinken kara, yana gyaɗa kai, amma bai sallama ba.

“Duk wannan ido na iya gani. Me ke ciki?”

Wani daga cikin masu kallo ya ja da baya. Ameer ya sake matsowa, murya ƙasa-ƙasa. “Mama, ki bari. In an buɗe abin bai yi kyau ba, a gaban mutane fa ne.” Ta san abin da yake nufi. A wasan nan ana sa ƙwai a hancin roka, in ya sauko lafiya an iya, in ya fashe an faɗi. Ita ma ta ga yadda hancin ya lotsa. Amma ta ƙi kallon yaron.

“Ƙwan zabo ne, Baba, guda ɗaya. Na naɗe shi da soson katifa, na ɗaure da ƙyallen atamfa mai ruwan goro.”

“Ƙwai?” Wurin ya ɗauki surutu. Malam Zailani ya ce shi kam hannunsa ba zai taɓa ba. Bibiana ta durƙusa, ta murɗe hancin, ta zaro ƙullin. Ƙyallen atamfa mai ruwan goro, kamar yadda ta faɗa. Tana kwancewa sai gwaiduwa ta biyo yatsunta, ta gangaro har gwiwar hannu.

Ɗaliban suka sunkuyar da kai. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har idonta ya kawo ruwa, amma ta haɗiye.

“Taki ce,” in ji dattijon. “Ɗauki abinki.”

Ameer ya so ya rufa mata asiri. Ya ce wa mutanen, “Ai gwaji ne muke yi, mu ɗalibai, wani lokaci dole a samu irin wannan.”

Bibiana ta miƙe, roka a hannu ɗaya, ɗaya hannun ta ɗaga shi sama yana ɗiga, yadda na can baya ma zai gani.

“Ba su ba ne, jama'a. Ni na ƙera ta, ni na harba ta, ƙwan ma ni na fasa shi. Bibiana tela, Sabon Gari. Kowa ya riƙe sunan.”