Baƙuwar da Ta Zo Cikin Dutse

Ba A'i ce ta ce a kawo mata teku har unguwar Jekadafari a Gombe ba. Yayanta Bakari ne, daga can Legas, ya yanke shawarar cewa tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mahaifinsu, Malam Joda, abin da gidan ya rasa kawai shi ne akwatin gilashi na kiwon kifi. Wai kallon kifi yana kwantar da hankali. Halin Bakari ke nan, ya aiko da kaya ya bar wa wani ɗawainiya. Sai ga direba da tanki, da ƙananan kifaye, da gishirin teku, da injin hura iska, da wasu duwatsu masu ramuka jiƙe cikin jarka. A'i ta haɗa komai tana bin bidiyo a waya, ta girke shi a gaban gadon Baba.

Ba a jima ba ƙananan kifayen suka fara ɓacewa. Wata safiya tana goge wa Baba baki, sai ta ga ya ƙura wa ɗaya daga cikin duwatsun ido. Wani siririn hannu ne ya fito daga rami, ya laluba gilashi, ya koma. Ashe da baƙuwa aka zo.

Oktofas ce, halittar nan mai hannu takwas, duk girmanta bai wuce lemon tsami ba. A'i ta shiga wani zauren masu kiwon kifi a intanet, suka ce sai an san irinta kafin a san abincinta da sanyin ruwan da take so. Wane launi ce? To, da safe launin kunu ce, da rana ta koma jar ƙasa, in an matso kuma ta yi fari fat. Akwai zobba shuɗaye a jikinta? In akwai, dafi gare ta, kada a sa hannu. Babu. Daga wane teku aka ɗebo dutsen? Bakari ya ce shi dai a shago ya saya. Kullum A'i na zaune da waya tana gwada hoto da hoto, tana karanta wa Baba amsoshin da ƙarfi, shi kuma yana ɗaga hannunsa mai lafiya in ya ga ba ta yi kama ba. Tun rasuwar Inna ba su sami abin hira irin wannan ba.

Abu ɗaya ne ba ta karanta masa ba. Wani asibiti a Abuja ya kira ta aikin ɗakin gwaje-gwaje, aikin da ta yi shekaru tana nema, kuma sun ce ba za su jira ta ya wuce ƙarshen wata ba. A tsakar gida ta amsa wayar, murya ƙasa-ƙasa, kamar tagar Baba ba a buɗe take ba. Bakari ya ce zai ɗauko ma'aikacin jinya. Ta ce a'a. Wa ya san kaurin kunun da Baba ke iya haɗiyewa? Wa zai gane abin da yake nufi in harshensa ya ƙi? Tana son aikin har cikin ranta, kuma tana jin haushin kanta da take son sa. Rabonta da Kasuwar Gombe ma ta manta, balle Abuja.

Sai baƙuwar ta daina fitowa. Ta jawo tsakuwa ta toshe bakin raminta. A'i ta miƙa mata jatan lande a tsinke, baƙuwar ta ture shi. Da A'i ta haska fitilar waya ciki, ta ga wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa suna reto, hannuwan kuma na ta shafa su.

A'i ta kai tambaya zauren. Wata mata ce ta amsa, A'i kuma ta fara karantawa da ƙarfi kamar kullum. Matar ta ce sanin irinta ba zai ƙara komai ba yanzu, don kusan dukkansu haka suke. Ƙwai ta saka. Ba za ta ci ba, ba za ta fito ba, za ta yi ta gadinsu har ta ƙare a wurin. Kuma a tankin gida, da wuya ko ɗaya ya rayu.

A'i ta karanta har ƙarshe. Ta kife wayar, ta ɗauko kwanon kunu.

"Baba, bismillah. Ka sha tun da ɗumi."

Malam Joda ya dubi ramin, ya dube ta, ya datse bakinsa.

"Haba Baba, ko cokali ɗaya."

Ya kau da kai. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito, a karkace, amma ta ji ta sarai.

"Abuja. Sai... kin tafi."

"In na tafi wa zai ba ka?"

Ya mayar da idonsa kan ramin. Ta san taurin kansa, don a wurinsa ta gada. Injin iska na ta gurnani, kunun ya fara yin fata a kwano, ita kuma tana riƙe da cokalin a bakin da ya ƙi buɗewa.